Lissafin Wata da Taurari da Zaɓen Rana a Ƙasar Hausa: Misali daga Birniwa da Fadamar Haɗeja

1.0 Gabatarwa

Idan aka tambayi dattijon manomi a Birniwa cewa, "Baba, yau nawa ga wata?" da wuya ya ba da amsa kafin ya fahimci dalilin tambayar. In maganar azumi ce, ko salla, ko idda, zai ƙirga ne daga daren da aka ga jinjirin wata. In maganar albashin ɗansa ce, ko komawar yara makaranta, zai ɗaga kai ya dubi kalandar da ke rataye a zaure. In kuwa maganar shuka ce, to, babu ruwansa da ko ɗaya daga cikin biyun. Abin da zai so ya sani shi ne wane tauraro ake ciki, kuma kwanansa nawa. Akwai kuma wata tambayar da ba a cika yin ta a bainar jama'a ba, wadda akan kai wa malami a keɓe, wato ko rana kaza ta dace da ɗaurin aure, ko tafiya, ko tarewa a sabon gida.

Wannan babi zai yi bayanin waɗannan hanyoyi na lissafin lokaci, da dalilin da ya sa Bahaushe bai wadatu da guda ɗaya ba. Za a kuma kawo misalin Sinawa, domin su ma manoma ne da suka fuskanci matsala irin tamu, suka warware ta ta wata hanyar dabam. An zaɓi Birniwa ne saboda yanayinta. Tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi takwas na Masarautar Haɗeja a Jihar Jigawa, kuma mafi yawan ƙasarta jigawa ce mai rairayi, inda ake noman gero da wake da riɗi da kankana. A kudu da ita akwai fadamar da ta ratsa Kiri Kasamma da Guri har zuwa Nguru, inda ake shinkafa da su da noman rani. Daminar wannan yanki gajera ce, ba ta cika wuce wata uku zuwa huɗu ba. Saboda haka kuskuren mako biyu a lokacin shuka yana iya raba gida da abincin shekara.

2.0 Lissafin Wata

Shekarar Musulunci wata goma sha biyu ce, kowane wata kwana 29 ko 30, jimilla kwana 354 ko 355. A zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi aka tsayar da hijira a matsayin mafarin ƙidayar shekaru. Wata yana kamawa ne da ganin jinjirinsa, shi ya sa har yau jama'ar Nijeriya ke sauraren sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato kafin su ɗauki azumi ko su sauke shi.

Hausawa sun karɓi sunayen watannin na Larabci, amma sun laƙaba wa da yawa daga cikinsu sunaye bisa abin da ake yi a cikinsu. Muharram shi ne watan cika-ciki. Rabi'ul Awwal shi ne watan Mauludi, wanda Kanawa ke danganta shi da Takutaha, Daurawa kuma da sallar Gani. Rajab shi ne watan azumin tsofaffi, Sha'aban na sha ruwan tsofaffi, sai watan azumi, da na ƙaramar salla, da bawan salla, da na babbar salla. Mai karatu zai lura cewa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye da ya ambaci ruwan sama, ko shuka, ko girbi. Wannan ba haɗari ba ne.

Dalili shi ne, shekarar rana, wadda damina da rani ke bi, kwana 365 ce da rubu'i. Ke nan shekarar wata ta gaza ta da kimanin kwana goma sha ɗaya. A cikin shekara uku giɓin ya haura wata guda, a cikin shekara talatin da uku kuwa watanni sun zagaye dukkan yanayin shekara sun dawo inda suka faro. Wanda ya yi azumin shekarar 2011 a Birniwa ya yi shi ne cikin watan Agusta, ana tsakiyar marka, mutane na noma da ƙishirwa. Azumin 2025 kuwa ya faɗo a watan Maris, ana shiga bazara. Larabawa kafin Musulunci sukan jinkirta wata ko su sauya masa gurbi, amma Alƙur'ani ya hana wannan a cikin Suratut Tauba. Saboda haka watan Musulunci ya tsaya a matsayin ma'aunin ibada da shari'a, manomi kuwa dole ya nemi wani ma'aunin.

3.0 Lissafin Taurari

Ma'aunin da manomin ƙasar Hausa ya samu shi ne na taurari ashirin da takwas, waɗanda malamai ke kira manzilolin wata. Asalinsu gungu-gungu ne na taurari da ke jere a kan hanyar da wata ke bi a sararin sama. Wata yakan kwana kusa da gungu ɗaya a kowane dare, ya gama zagaye su cikin kwana ashirin da bakwai da 'yan sa'o'i. Ita kuwa rana sai ta shekara kafin ta gama wannan zagaye. Da tafiyar rana ake lissafin noma, ko da yake sunan wata ne ke kan manzilolin. Wannan shi ne wurin da ɗalibai suka fi ruɗewa.

An ba kowane tauraro kwana goma sha uku. Ashirin da takwas sau goma sha uku ya ba da 364, sai aka ƙara wa tauraro guda, wato Jabha, kwana ɗaya, shekara ta cika 365. An kuma raba su gida huɗu, bakwai-bakwai. Taurarin damina su ne Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan. Na kaka su ne Sarfa da Iwa da Simaku da Gufru da Zubana da Iklilu da Ƙalbu. Na ɗari sun fara da Shaula da Na'a'imu da Balda, sannan Sa'adu guda huɗu suka biyo baya, wato Zabihu da Bula'a da Su'udu da Ahbiya. Na bazara kuwa su ne Far'ul Muƙaddam da Far'ul Mu'ahhar da Baɗanul Hutu da Naɗha da Buɗaina da Suraiya da Dabaran. Furucin sunayen yakan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, kamar yadda aka saba gani ga kalmomin aro.

Wannan ilimi ya iso mana ne ta hanyar Magariba, tare da fatake da malamai da littattafansu. Daga cikin littattafan da suka yaɗu a zaurukan Afirka ta Yamma akwai Almuƙni'u na Muhammadu ɗan Sa'idu Assusi, malamin Maroko na ƙarni na 17. Tare da taurarin aka kawo watannin Ajam, wato tsohuwar kalandar Rumawa wadda manoman Magariba suka riƙe. Duk wanda ya saurari yadda muke cewa Janairu da Fabrairu da Maris da Afrilu da Mayu zai ji cewa ba daga bakin Ingilishi muka fara jin waɗannan sunaye ba. Malamanmu sun kuma mayar da jerin taurarin waƙa da Hausa don almajirai su haddace, kuma Mervyn Hiskett ya yi nazarin irin waɗannan waƙoƙi a wata maƙala da ya wallafa a 1967.

A lissafin Magariba, taurarin damina suna kamawa ne ran 17 ga Mayun Ajam. Da yake kalandar Ajam tana bayan ta boko da kwana goma sha uku a wannan zamani, ranar ta yi daidai da 30 ga Mayu. Idan ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya ci gaba da ƙara sha uku-uku, zai ga Han'a ta shiga 12 ga Yuni, Zira'a 25 ga Yuni, Nasara 8 ga Yuli, Ɗarfa 21 ga Yuli, Jabha 3 ga Agusta, Harsan 17 ga Agusta, sannan Sarfa ta buɗe kaka ran 30 ga Agusta. Akwai malaman da ke fara ƙirgar da 'yan kwanaki kafin haka, don haka kada a yi mamaki in an ji saɓani tsakanin zaure da zaure.

Yanzu sai a ɗora wannan jeri a kan gonar Birniwa. Ko da yake Haƙ'a ce farkon damina a takarda, a wannan yanki na arewa ruwa bai cika zama sosai ba sai wajen Zira'a ko Nasara. Yayyafin da aka samu cikin Haƙ'a yakan yaudari mai gaggawa: ya yi shuka, tsiro ya fito, sai ruwa ya ɗauke kwana ashirin, rana ta ƙone shi, iri ya tafi a banza. Wanda ya yi binne, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa, shi ma caca yake yi da wannan lissafi. A ɗaya ɓangaren, wanda ya yi nawa har Ɗarfa ta yi nisa bai shuka gero ba, ya san kwanakin da suka rage masa ba lalle su kai amfaninsa ga nuna ba, sai ya karkata ga wake ko wani abu mai saurin yi. Marka takan faɗo cikin Jabha da Harsan. Zafin agazari da yankan gero suna zuwa cikin taurarin farko na kaka. Mai alkama a fadama kuwa yana jiran Ƙalbu da Shaula, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, domin alkama ba ta yi sai da sanyi. Abin da tauraro ke gaya wa manomi, a taƙaice, shi ne kwana nawa suka wuce kuma kwana nawa suka rage. Ga mutumin da daminarsa ba ta fi kwana ɗari da 'yan kai ba, wannan ba ƙaramin sani ba ne.

Ya kamata a ambaci cewa ba duk sanin sama ne Bahaushe ya aro ba. Sunaye irin su Kaza da 'ya'yanta, da Gamzaki, da kirarin Zara matar wata, suna nuna cewa talaka ma yana kallon sama da idonsa, ba sai ya je zaure ba. Kaza ita ce Suraiya ta malamai, kuma fitowarta daga gabas da almuru alama ce ta cewa kaka ta yi nisa, sanyi na tafe.

4.0 Zaɓen Rana

Daga nan ne lissafi ke sauya fuska. Sanin cewa yau kwanan Nasara biyar ne abu ne da kowa zai iya ƙirgawa ya tabbatar. Cewa yau rana ce mai sa'a ko mai nahisa kuwa, wani zance ne dabam, ko da yake sau da yawa malami ɗaya ne ke riƙe da duka biyun, a cikin gafaka ɗaya.

A littattafan hisabi an ba kowace rana ta mako tauraronta mai tafiya: Lahadi ta Rana ce, Litinin ta Wata, Talata ta Mirrihu, Laraba ta Uɗaridu, Alhamis ta Mushtari, Juma'a ta Zuhura, Asabar kuma ta Zuhalu. Ana ɗaukar Mushtari da Zuhura a matsayin masu sa'a, Mirrihu da Zuhalu kuma masu nahisa. An kuma raba yini da dare sa'a-sa'a tsakanin taurarin bakwai. Bayan wannan akwai kwanaki bakwai na kowane wata da ake cewa a guje su, wato ran 3 da 5 da 13 da 16 da 21 da 24 da 25. Idan maganar aure ce, mai hisabi yakan mayar da haruffan sunan mutum da na mahaifiyarsa lambobi, ya raba jimillar da goma sha biyu don ya fitar da burujinsa, ya ga ko ɗabi'arsa ta wuta ce, ko ƙasa, ko iska, ko ruwa, sannan ya gwada da ta wadda ake nema masa. Mafi shahara a cikin ranakun da ake tsoro ita ce Larabgana, Larabar ƙarshe ta watan Safar, wadda a wasu gidaje akan sha rubutu dominta, a kuma dakatar da tafiya. Abin sha'awa shi ne, bakin da ke tsoron wannan Laraba shi ne kuma ke yi wa ranar kirari da ta Bawa ranar samu.

Ƙasar Hausa ta fitar da masana wannan fanni da sunansu ya kai nesa. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bafulatanin Katsina, ya yi hajji ya zauna a Alƙahira, inda ya rubuta Addurrul Manzum a kan taurari da ɗalasimai, da wani littafin a kan hatimai wanda masana lissafi ke yabawa har yau. Ya rasu a can a 1741, a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin sanannen marubucin tarihin Masar.

Sai dai kada ɗalibi ya ɗauka duk sa ranar da Bahaushe ke yi daga hisabi take. Aure yakan yawaita da kaka saboda a lokacin ne rumbu ke cike. Yakan yawaita a Sha'aban saboda ana so amarya ta tare kafin azumi. Mai sayar da sa don ya yi kayan ɗaki zai dubi Alhamis saboda ranar ce kasuwar Maigatari ke ci. Yau kuma yawancin ɗaurin aure ya koma Juma'a da Asabar da Lahadi, don ma'aikata su samu halarta, ba tare da an tambayi Zuhalu ra'ayinsa game da Asabar ba.

5.0 Yadda Sinawa Suka Yi

Sinawa ma suna fara wata ne da sabon wata, kuma watansu kwana 29 ne ko 30. Bambancin farko shi ne ba sa jiran gani da ido. Ranar da lissafi ya nuna wata da rana sun haɗu, ita ce ɗaya ga wata. Bambanci na biyu, wanda ya fi girma, shi ne yadda suka yi da giɓin kwana goma sha ɗayan nan. Maimakon su bar watanni su yi ta zagaye, sai suke ƙara wata na goma sha uku duk bayan shekara biyu ko uku, kimanin sau bakwai a cikin shekara goma sha tara. Shekarar 2023 ta zo da wata na biyu sau biyu, ta 2025 kuma da wata na shida sau biyu. Wannan ne ya sa sabuwar shekararsu ba ta fita daga tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2024 ta kama ran 10 ga Fabrairu, a 2025 kuma ran 29 ga Janairu.

Ba da ka ake zaɓen watan da za a maimaita ba. Sinawa sun raba hanyar rana gida ashirin da huɗu, kowane zango kimanin kwana goma sha biyar, suka ba su sunaye irin su Farkawar Ƙwari, da Ruwan Hatsi, da Babban Zafi, da Farar Raɓa, da Saukar Jaura. Waɗannan zangogi su ne takwarorin taurarinmu na noma, kuma da su manominsu ke shuka da girbi. Goma sha biyu daga cikinsu ana ɗaukar su manya, kuma ana sa ran kowane wata ya ƙunshi babba guda. A shekarar da watanni suka kai goma sha uku, watan farko da ya wuce babu babban zango a cikinsa shi ne na ƙari, sai ya ɗauki lambar wanda ya gabace shi. Hukumar UNESCO ta sanya waɗannan zangogi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa a 2016.

Tsara kalanda a ƙasar Sin aikin fada ne tun da daɗewa, domin ana ganin sarkin da lissafinsa ya kuskure husufi ya nuna rauni a mulkinsa. An yi babban gyara a shekara ta 104 kafin haihuwar Annabi Isa, aka yi wani a 1281 ƙarƙashin masani Guo Shoujing, wanda ya auna shekara da kwana 365.2425. A wannan zamani ne sarakunan Mongol suka kafa ofishin masana taurari Musulmi a 1271, ƙarƙashin wani malami mai suna Jamaluddini, kuma ofishin ya daɗe yana aiki kafaɗa da kafaɗa da na Sinawa. Ƙa'idojin da ake bi yanzu sun samo asali ne daga gyaran 1645, wanda wani limamin Kirista Bajamushe, Adam Schall, ya taimaka wajen yi. Gwamnati ta koma kalandar boko a 1912, amma bukukuwa da al'adun gida suna nan a kan tsohuwar, kuma cibiyar nazarin taurari da ke birnin Nanjin ce ke fitar da lissafinta.

Abin da ya fi kusa da zancenmu shi ne littafin shekara da suke kira Huwangli ko Tungshu. Tsoho ne ƙwarai, har an samu bugaggen kwafi na shekarar 877 a kogunan Dunhuwang. Kowace rana tana da gurbinta a cikinsa. Za a ga kwanan wata, da zangon rana, da sunan ranar a cikin wani zagaye na sittin wanda ake samu ta haɗa alamomi goma da wasu goma sha biyu. Waɗannan goma sha biyun su ne aka danganta da dabbobi: ɓera da sa da damisa da zomo da dodon tatsuniyarsu mai suna Lung da maciji da doki da akuya da biri da zakara da kare da alade. Za a kuma ga manzilin ranar, domin su ma suna da manziloli ashirin da takwas, ko da yake taurarin da suka zaɓa da iyakokinsu ba su yi daidai da na Larabawa ba. A ƙarƙashin wannan duka sai layi biyu: "ya dace" da "a guji". A nan ake jera ayyuka irin su aure, da tarewa, da buɗe kanti, da haƙa harsashi, da aski, da tafiya, da binne mamaci. Akwai kuma jerin "jami'an rana" goma sha biyu da ke karɓa-karɓa, masu sunaye irin su Kafawa da Cika da Rushewa da Nasara da Buɗewa da Rufewa. Ranar Rushewa ba a aure, amma ta dace da rusa tsohon gini. Ana kuma faɗin dabbar da ranar ke karo da ita, don wanda aka haifa a shekarar wannan dabba ya yi hattara.

Tsoron kalma ma ya shiga cikin sunan littafin. A harshen mutanen Kanton da Honkon, kalmar "littafi" tana kama da kalmar "faɗuwa" a caca ko ciniki, sai suka sauya ta da mai nufin "cin nasara", suke kiransa Tung Shin. Bahaushen da ke cewa "igiyar ƙasa" da dare don kada ya ambaci maciji ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Idan aka kwatanta, za a ga abin da Bahaushe ya rarraba tsakanin liman da manomi da mai hisabi, Basine ya tattara shi a shafi ɗaya, ya buga, ya kai kasuwa. Yau ma har a wayar hannu ake duba shi. Amfanin haka shi ne iliminsu bai dogara da ƙwaƙwalwar tsofaffi ba. Illarsa kuwa ita ce, lissafin da aka auna da na'ura da hukuncin da ba shi da ma'auni sun zauna a layi ɗaya da tawada ɗaya, har mai karatu ya ɗauka ƙarfinsu ɗaya ne. Masu zaɓen ranar ma ba su taɓa haɗuwa a kan magana guda ba. Saɓaninsu ya yi yawa har Sarki Ciyanlung ya sa aka tattara wani babban kundi wajen 1740 don a daidaita su.

6.0 Matsayin Malamai da Halin da Ake Ciki

Suka ga zaɓen rana ba baƙon abu ba ne a ko'ina. A ƙasar Sin, tun ƙarni na farko Miladiyya wani masani mai suna Wang Chong ya yi rubutu yana ƙaryata masu cewa rana na jawo arziki ko tsiya. A Musulunci kuwa malamai sun raba ilimin taurari biyu. Akwai na tafiyarsu, wanda ake sanin alƙibla da lokutan salla da yanayin shekara da shi, kuma wannan halal ne, har ana kwaɗaitar da shi. Akwai kuma na tasirinsu, wato ɗaukar cewa tauraro ne ke saukar da ruwa ko ke ƙulla sa'ar mutum, wanda aka hana. Hujjar da aka fi kawowa ita ce hadisin Zaidu ɗan Halid, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, game da ruwan da aka yi da dare a Hudaibiyya, inda aka bambanta mai jingina ruwan ga falalar Allah da mai jingina shi ga tauraro. Akwai kuma hadisan da suka kore camfi da shu'umcin watan Safar. Shugabannin jihadi sun bi wannan layi, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu yana gargaɗi a kan masu bokanci da duban taurari. Abin da shari'a ta ba mai shakka a maimakon haka shi ne istihara da shawara.

A ganin mai wannan rubutu, kuskuren da ake yi a yau shi ne haɗa biyun a yi musu hukunci ɗaya. Matashin da ya ji wa'azi a kan masu duba yakan ɗauka duk wanda ya ambaci Zira'a ko Jabha boka ne, sai ya ƙi koyon jerin daga kakansa. Ta haka ake zubar da hatsi tare da ƙaiƙayi. Manomin da ya ce "Jabha ta shiga" bai ce Jabha ce ke yin ruwa ba, kamar yadda mai cewa "Agusta ta kama" bai bauta wa Agusta ba.

Shi ma lissafin taurarin yana da nasa rauni, kuma ya kamata a faɗe shi. Na farko, kalandar Ajam tana zamewa daga shekarar rana da kwana ɗaya a duk shekara 128 ko kusa da haka, su kuma taurari suna jinkirta fitowarsu da kwana ɗaya a duk shekara saba'in da 'yan kai. Don haka sunan da ke takarda ba lalle ya dace da abin da ido ke gani ba. A kwanakin da jeri ke kira Suraiya, wato farkon Mayu, Kaza tana gab da ɓacewa ne a yamma bayan faɗuwar rana, ba ta sake bayyana da asuba sai cikin Yuni. Na biyu, an tsara rabon bakwai-bakwai ne a ƙasashen da ke samun ruwansu da hunturu, mu kuma muka ɗora masa sunayen yanayinmu. Shi ya sa takarda ke cewa kaka ta kama ran 30 ga Agusta alhali a Birniwa ana iya samun ruwa har ƙarshen Satumba. Na uku, jeri yana faɗin abin da aka saba gani ne, bai san shekarar fari ba. Bai hango yunwar 1973 ba, bai kuma hango ta 1984 ba.

Ga mutanen fadama akwai ƙarin matsala. A da, mai shinkafa a Guri ko Kiri Kasamma yakan shuka da ruwan sama, yana sane da cewa ambaliyar kogi za ta iso wajen Agusta zuwa Satumba ta tarar da shinkafar ta yi tsayin da za ta jure. In ruwa ya janye, sai a bi danshi da wake da sauran amfanin rani, masunta kuma su shiga tafkuna. Tun da aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, da ta Chalawa a 1992, zuwan ruwa ya koma hannun masu buɗe ƙofofin madatsa gwargwadon yadda yake hannun damina. Ruwan da ake saki da rani ya sa ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, wasu gonaki suka nutse shekara da shekaru, wasu kuma suka bushe. A shekarun ruwa mai yawa, irin su 2020 da 2022, ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a faɗin masarautar. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, inda take faɗin lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna da lokacin da zai ɗauke a kowane yanki, kuma ana watsa shi da Hausa a gidajen rediyo. Manomi da yawa a yankin yanzu suna sauraren wannan hasashe, su tambayi labarin madatsa wurin 'yan'uwansu da ke sama da kogi, sannan su ƙirga kwanakin tauraro kafin su fitar da iri daga rumbu.